Shirun da Almakashi Ya Yanke

Akwai wani mai tace bidiyo a wani gidan talabijin, wanda abokan aikinsa suke kira Almakashi. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma in ta so tsokanarsa da shi take kiransa. Kuma ya ci sunan, domin in ka ba shi shiri mai tsawo, kafin shayinka ya huce ya datse shi ya miƙo maka ɗan guntu, babu gargada ko ɗaya.

Hannunsa yana da kaifi, kuma ya san da haka, nan matsalar take. In kana yi masa magana ka tsaya neman kalma, sai ka ga yatsansa ya fara ƙwanƙwasa tebur. "Je ka kan magana," abin da zai ce maka ke nan, ko da gaisuwa ce kake yi.

Ɗakin aikinsa ba shi da taga. Allon kwamfuta biyu ne a gabansa, da na'urar sanyaya ɗaki tana hura masa a ƙeya, da abin sauraro da yake toshe kunnuwansa da shi tun safe. In ya fito da yamma sai ya tambayi mai gadi ko an yi ruwa.

Wata shekara Manaja ya ɗora masa wani aiki. A ɗakin ajiya akwai tsofaffin kaset na wani shirin yara da aka daina tuntuni, shirin Goggo Mai Kwando. Manaja ya ce a zuba su a kwamfuta, a yayyanka su gajeru yadda za su shiga waya, tunda yaran yanzu babu mai zama gaban akwatin talabijin yana jiran lokacin shiri.

Waɗanda suka fara furfura a cikinku sun san irin shirye-shiryen nan. Mace ce zaune a tabarma, gabanta kwando rufe da zane. Sai ta sa hannu ta ciro abu, ko cokali, ko makulli, ko madubi, ta ɗaga shi ta dubi kyamara ta ce, "Yara, mene ne wannan?" Daga nan sai ta yi shiru. Shiru na gaske, mai tsawo, tana murmushi, ta ɗan karkata kai tana sauraro. Sai can ta ce, "Madalla, kun faɗa daidai."

Almakashi ma a kan shirin ya tashi. A gidan hayar da ya girma, akwati ɗaya ne, a falon mai gidan. In lokaci ya yi yaran gidan duka su cika ƙasa, wani a cinyar wani, iyaye mata suna bakin ƙofa da 'yan aikace-aikacensu a hannu. Da Goggo ta yi tambaya sai falon ya kaure. Wanda ya faɗi ba daidai ba, yayarsa ta ranƙwashe shi ta gyara masa. Wanda ya faɗi daidai, uwarsa ta leƙo ta ce, "Ku ji mini ɗana."

Amma da ya zauna gaban allo, duk wannan bai faɗo masa a rai ba. A kwamfuta magana tana fitowa ne kamar haƙoran zarto, shiru kuwa layi ne miƙaƙƙe. Duk inda idonsa ya ga miƙaƙƙen layi sai ya datse. Tambaya, amsa, tambaya, amsa, ya zuba kiɗa da taurari masu walƙiya a kai. Manaja ya gani ya dafa masa kafaɗa, ya ce haka ake so.

To, mu leƙa gidansa.

Matarsa a wani kamfanin waya take aiki, sashen da ake amsa kiran masu ƙorafi. Tun safe abin magana yana maƙale a kunnenta, ana yi mata masifa a kan katin da ba ita ta cinye ba, tana ba da haƙuri. A allonta akwai agogo da ke komawa ja in kira ya yi tsawo. In ta dawo gida muryarta ta ƙare ƙaf, ko sannu da zuwa da hannu take amsawa.

Gidan nasu ɗaki biyu ne da falo a saman bene, tagogi duk da ƙarfe, ƙofa kullum a kulle. Maƙwabcin da suke ƙofa da ƙofa da shi ba su ma san sana'arsa ba. Babu kaka, babu yayye, babu tsakar gida.

'Yarsu ɗaya ce, suna kiranta Shalele, tana ajin share fagen shiga firamare. Yarinya ce mai manyan idanu da son zane-zane, sai dai tana da in'ina. Ba mai tsanani ba ce, irin wadda in an bar yaro ya ja numfashi kalmar takan fito da kanta. Amma wa zai bar ta?

In ta zo wurin ubanta ta fara, "Ina s-s-s…" sai ya ce, "Ruwa kike so? Ga shi." In ta fara, "M-m-ma…" sai ya ce, "Malama ce ta yi miki faɗa? Rabu da ita." Wani lokaci ya dace, wani lokaci bai dace ba, ita dai sai ta karɓi abin da aka miƙo mata ta koma gefe.

Kada ku ce mugu ne. Son 'yarsa yake kamar ransa. Ganinta tana kokawa da kalma, ido a rufe, haɓa tana rawa, shi yake ci masa rai, sai ya ga gara ya ƙarasa mata ta huta. Ita kuwa uwar, in yarinyar ta doso ta, sai ta jawo ta jikinta ta miƙa mata waya ta ce, "Ga shirinku, bari Mama ta ɗan rufe ido." Hankalinsu a kwance, tunda ba shirme take kallo ba, shirin ilimi ne, wanda ubanta ya tace da hannunsa.

A hankali Shalele ta rage magana. Daga baya ta koma nuni da yatsa. Su kuwa har daɗi suka ji, wai yarinya ta yi hankali, ba ta da rigima.

Sai da shugabar makarantar ta kira su ofis.

"Baban Shalele, Maman Shalele," in ji ta, "tun da aka dawo hutu babu malamar da ta ji muryar yarinyar nan. Tana gane komai, in an ce ta nuna za ta nuna, amma ba ta magana da kowa. A gida fa?"

Suka dubi juna. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya tuno ranar ƙarshe da ya ji ta yi magana, aka rasa mai tunowa.

Shugabar ta ce, "Ba zan iya tura ta firamare a haka ba. In abin ya ci gaba, shawarata ita ce ku kai ta makarantar da ake koyar da yara da hannu."

Almakashi ya miƙe tun ba ta rufe baki ba. "'Yata ba bebiya ba ce, Malama." Ya ja hannun yarinyar suka fita.

Suka kai ta asibiti. Likita ya duba kunne, lafiya lau. Ya duba harshe da maƙogwaro, lafiya lau. Ya ce a riƙa zama da ita ana hira, a rage mata waya. Faɗa da baki ai da sauƙi.

Da yamma faɗa ya tashi a kicin, a hankali don kada yarinyar ta ji.

"Ki ajiye aikin nan ki zauna da ita," in ji shi.

"Kai me ya hana ka ajiye naka, Baban Shalele? Albashinka kaɗai zai riƙe haya da makaranta?"

Ya san ba zai riƙe ba. Nata kaɗai ma ba zai riƙe ba. Haka suka tsaya, shi ya jingina da firji, ita da bakin famfo, kicin ɗin ko juyawa mutum biyu ba sa iya yi a cikinsa. Washegari kowa ya sa kaya ya koma inda aka ɗaure shi.

Maganin da Almakashi ya gano shi ne ƙarin bidiyo. Ya cika wayar da duk abin da ya tace, na haruffa, na ƙirga, na sunayen dabbobi. In ya dawo sai ya tsare yarinyar da kofi a hannu: "Ce kofi. Kofi. Ce mana. Ko-fi. Shalele, dube ni, ce kofi." Kafin ta buɗe baki ya faɗa sau biyar. Sai hawaye su zubo mata, babu sauti, shi kuma ya ajiye kofin ya fita baranda yana huci.

Ana cikin haka Manaja ya gayyato Goggo Mai Kwando ita da kanta, don a ɗauke ta hoto a yi tallan sabon shirin. Ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda, da tabarau mai kauri. Aka kawo ta ɗakin Almakashi ta ga aikin, aka ba ta kujera, ya kunna mata.

Ta kalli guda ɗaya, ta kalli na biyu. Sai ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Ɗana, aiki ya yi kyau, har na ga kaina na yi fari. Amma ina yaran?"

"Waɗanne yara, Goggo? Ai ke kaɗai ce a shirin."

"Wurin nan da ka cire, bayan na yi tambaya. Nan ne wurinsu. Nan suke magana."

Almakashi ya yi 'yar dariya. Ya buɗe mata wani hoto mai layi yana hawa yana sauka. "Goggo, kin ga nan da layin ya faɗi? Nan ne masu kallo suke gudu. Yaron yanzu in kika yi masa shiru na ƙiftawar ido, ya ja yatsa ya wuce. Zamaninku daban, namu daban."

"Haka ne," in ji ta. "Kana da yara?"

"Ɗaya. Kullum wannan take kallo."

"Tana amsawa?"

Tambayar ta soke shi, amma maimakon ya sunkuyar da kai sai ya ɗaga shi. "Goggo, ina da aiki a gabana." Ya mayar da abin sauraro kunnensa, tsohuwa tana zaune ba ta ko tashi ba.

Ni abin da ya fi ɓata mini rai, bayan ta fita sai ya karkata kai yana kwaikwayon yadda take sauraro, baki a buɗe, abokan aiki suna ta dariya. Matar da ta koya masa sunan cokali fa.

Ranar Asabar ta zo, uwar tana wurin aiki, Manaja kuma ya haɗo shi da tulin kaset ya ƙarasa a gida. Garin sauri ya manto abin sauraronsa a ofis, don haka dole ya bar sautin yana fita a fili. Ya zauna a falo da kwamfuta a kan tebur, Shalele tana ƙasa tana zane.

Ya buɗe wani tsohon shiri da bai taɓa ba tukuna. Yana shirin fara yanka sai ga kiran Manaja. Ya tashi ya shiga kicin yana "To yallaɓai, an gama yallaɓai," ya bar shirin yana tafiya.

Da ya kashe wayar sai ya ji muryar Goggo daga falo: "Yara, mene ne wannan?" Shirun nan ya biyo baya. A cikin shirun sai ya ji wata 'yar murya, a dushe, kamar ta wanda ya tashi daga barci.

"M-m-m… m-madubi."

"Madalla," in ji Goggo, "kun faɗa daidai."

Ya leƙa ta bakin ƙofa. Shalele ta ajiye fensir, ta durƙusa gaban tebur, hancinta ya kusa taɓa allon. Goggo ta ciro wani abu, ta tambaya, ta karkata kai. Yarinyar ta rufe ido, haɓarta tana rawa, ta yi ta kokawa, Goggo tana nan tana murmushi ba ta je ko'ina ba. "M-makulli." Har da 'yar dariya.

Jama'a, me kuke tsammani ya yi? Da ya tsaya inda yake, da ya huta. Ina. Sai ya faɗa falon da gudu, ya tsayar da shirin, ya kama kafaɗunta. "Shalele, kin yi magana. Sake faɗa. Ce makulli. Ce madubi. Faɗa wa Baba, yi sauri."

Yarinyar ta dube shi, ta dubi allon da ya tsaya, ta rufe bakinta ruf. Ta ɗauki fensirinta ta koma ƙasa.

Da uwar ta dawo ya ba ta labari, ta ce ba ta yarda ba sai ta ji. Suka kunna tsohon shirin suka zauna a kujera. Shalele ta kalla, ba ta ce uffan ba. Sai da suka tashi suka shige lungun da ke tsakanin falo da ɗaki, suka ja labule, sannan muryar ta fito. Uwar ta toshe bakinta da gefen mayafi, tana kuka tana tsoron kada a ji ta.

Haka rayuwar gidan ta koma. Kullum da yamma a kunna wa yarinya Goggo, iyayenta su laɓe bayan labule kamar ɓarayi suna satar jin muryar 'yarsu. Ko tari ya kama ɗayansu sai ya haɗiye. Da zarar ƙafar ɗayansu ta taka falon, shi ke nan, an rufe. Babu baƙin cikin da ya kai wannan: 'yarka tana hira da hoton matar da ba ta sani ba, kai kuma kana gida ɗaya da ita ba ka isa ta ce maka sannu ba.

A ofis kuwa, aikin da yake yi ido rufe ya koma masa azaba. Duk miƙaƙƙen layin da ya gani sai ya ji muryar Shalele a cikinsa. Ya yi ƙarfin hali ya tace guda ɗaya ya bar shirun yadda yake, ya kai wa Manaja.

Manaja ya kalla, ya ce, "Almakashi, lafiya? Kwamfutar ce ta maƙale?"

"Yallaɓai, wurin amsar yara ne. Na ce ko za mu gwada…"

Manaja ya juyo masa da allo, ya nuna masa hoton nan mai layi, irin wanda shi ya nuna wa Goggo. "Kai ka koya mini karanta wannan. Masu talla ba sa biyan kuɗin shiru. In hannunka ya gaji ka faɗa mini, akwai yara a waje suna neman kujerarka."

Ya koma ɗakinsa marar taga ya zauna ya datse. Ya datse na gaba. Yana yi yana jin kamar yatsunsa yake yankewa, amma haya tana jira, makaranta tana jira.

Ƙarshen zango ya zo. Ya ɗauki muryar Shalele a waya daga bayan labule ya kai wa shugabar makaranta. Ta saurara har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa, amma ta girgiza kai.

"Na ji daɗi, Baban Shalele, yanzu mun san muryar tana nan. Sai dai allo take yi wa magana, mu kuma mutane ne a ajin. Bana dai za ta maimaita. Amma ga alkawarina: ranar da ta yi wa mutum magana, ko mutum ɗaya ne, ko a gida ne, ka zo ka gaya mini, zan riƙe ta a nan. In ba haka ba, maganar waccan makarantar tana nan."

A wannan karon bai miƙe ba sai da ta gama.

Ya nemi kwatancen gidan Goggo a wurin direban ofis. Ranar hutu ya ɗora Shalele a babur suka tafi. Suka same ta a baranda tana shan iska. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri a kan abin da ya yi mata, har da kwaikwayon da ba ta gani ba. Ta ce ya wuce. Ya kwashe labari duka ya faɗa mata.

Shalele tana laɓe a bayansa. Ba ta gane tsohuwar ba, domin Goggon da ta sani matashiya ce mai kwando.

"Goggo, ki taimake ni," in ji shi. "Ki yi mata tambaya. Ke kaɗai take yi wa magana."

Tsohuwar ta yi dariya har tana tari. "In na yi yau, gobe fa? A kwando za ka sa ni ka kai gida?"

Ta yi shiru, shi ma wannan karon ya yi shiru. Can ta ci gaba.

"Bari in gaya maka abin da ban cika faɗa ba. Duk shekarun da na yi ina shirin nan, ban taɓa jin amsar yaro ko ɗaya ba. Gilashin kyamara nake kallo, da wani darakta a bayansa yana yi mini hannu wai in yi sauri. Ni tambaya kawai nake yi in buɗe wuri. Masu jin amsar suna gida: uwa a bakin ƙofa, yaya a gefe, kaka a kujera. Rabin shirin nawa ne, rabi nasu. Yanzu kun cire wurin, kun kuma tashi daga bakin ƙofar."

Ya sunkuyar da kai. "To Goggo, yaya kike sanin tsawon jiran?"

"Mai saurin baki ba ya bukatata, ɗana. A kowane falo akwai wani yaro can baya, wanda sai kowa ya gama ihu sannan bakinsa yake buɗewa. Shi nake jira. Ka jira har abin ya fara yi maka ciwo, sannan ka ƙara."

Suka yi sallama. A bakin titi ya tayar da babur, ya ce Shalele ta zo ya ɗora ta. Ba ta motsa ba. Tana tsaye a gefen kwata, ta kama ƙafar wandonsa tana ja.

Nan take bakinsa ya cika: fitsari ne, ƙishirwa ce, waya kike so? Duk suna kan harshensa. Ya cije leɓe. Ya kashe babur ɗin, ya sauko, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da nata.

"Shalele, mene ne?"

Ya yi shiru.

Ta dube shi tana jiran ya faɗa mata abin da take so, yadda aka saba. Bai faɗa ba. Mota ta wuce, wani mai tura baro ya ce a ba shi hanya, ya matsa ba tare da ya ɗauke ido daga kanta ba. Wayarsa ta fara rawa a aljihu, ya san Manaja ne, ya bar ta ta gaji ta yi shiru. Cinyoyinsa suka fara zafi. Zufa ta gangaro masa ta shiga ido.

Ta rufe idanunta. Haɓarta ta fara rawa.

"T-t-t…"

Kalma goma ta zo masa, ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

"T-t-takalmina…" Ta ja numfashi. Ta buɗe ido ɗaya ta ga yana nan. "Y-yana m-matse ni."

Ya kusa magana, sai ya ga bakinta bai rufe ba. Ya ƙara jira.

"K-kullum."

Ya kwance maɗaurin takalmin. Da ƙyar takalmin ya fita. Ya zare safar. Yatsun sun lanƙwashe sun hau kan juna, farcen babban yatsa ya yi baƙi, a dunduniya ga tabon ƙuraje da suka fashe suka warke suka sake fashewa. Takalmin tun na bara ne. Shi da kansa yake tura mata ƙafa a ciki kowace safiya, yana kallon agogo yana cewa ta daina noƙewa.

Ya zauna daɓas a bakin titi, ƙafar a tafin hannunsa, ya fashe da kuka, babba da shi, mutane suna wucewa suna kallo.

Sai ya ji ɗan hannu a kansa. Ya ɗago. Ta sake rufe ido, tana haɗa wata maganar. Ya danne kukan ya jira ta.

"B-Baba, k-ka daina k-kuka," in ji ta. "N-na saba."

Darasi: Allo yana iya yi wa yaro tambaya, amma ba ya jin amsa, jin amsar aikinka ne, kai uba, ke uwa. In ɗanka ya buɗe baki, kada ka ƙarasa masa, kada ka miƙa masa waya don ka huta, ka tsuguna ka jira shi ko da jiran zai yi maka ciwo, domin ba ka san abin da ya daɗe yana haɗiyewa ba. Ku tura wa duk iyayen da kuka san aiki ya sha musu kai, wataƙila a gidansu ma akwai mai jiran a saurare shi.